Lambar da Ta Sa Na Sauke Hoton Babanku

Ina jin yadda kuke ba da labarin nan in kun taru a gida lokacin Kirsimeti, kuna zaton barci nake yi a kujera. Kuna cewa Mama ta yi caca da Rifkatu kuma ta ci. Da dariya kuke faɗa, a ganinku yabo ne. A wurina ba yabo ba ne, kuma ba haka aka yi ba. Ban taɓa zama a aji ba, ban iya riƙe biro ba. Faɗa nake yi ana rubutawa, a karanta mini, in ce a bar wannan a goge wancan. Saboda haka duk abin da ke nan na ji shi da kunnena na yarda da shi. Ku na tsakiya ba kwa gida a shekarar, kowa yana inda aiki ko aure ya kai shi. Daga ni sai Dauda babbanku sai Rifkatu auta muka san yadda aka yi.

Sai na fara da babanku, in ba haka ba ba za ku gane ba. Yakubu mutumin kirki ne. Ba ya sha, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, kuma duk Lahadi shi ne na farko a bencin coci. A masaƙa yake aiki a Kakuri. Abu ɗaya ne ya cinye shi, pul, wato cacar ƙwallon Turawa da ake cike takarda a jira ranar Asabar. Zai zauna a gindin mangwaro da jan biro, yana jera lambobi, yana ja musu layi, yana ce mini ya kusa gano makullin abin. Rediyo ya tafi. Kekensa ya tafi. Ɗan filin da muka samu wajen Rido, wanda na yi ta ɗaukar doya a ka kafin mu mallake shi, shi ma ya tafi. Dauda yana aji biyu a sakandare aka koro shi gida, bai koma ba, ya bi masu tankar mai yana yaron mota har ya zama direba. Na zauna da mai caca shekaru masu yawa, na san shi kamar yadda na san tukunyata. Ranar Juma'a fuskarsa fes, ranar Lahadi ba ya haɗa ido da kowa. Ba ya son a duba takardarsa. Kuma lambarsa ba ta kwana biyu a wuri ɗaya, kowane mako sabuwa ce. Ranar da muka dawo daga binne shi na tara ku a tsakar gida na ce duk wanda ya shigo mini da lambar caca gidan nan zai fita da kayansa, ko wane ne. Dauda yana tsaye a damana lokacin da na faɗa.

Rifkatu ita ce ta yi nisa a karatu, kuma Dauda ne ya ɗauki nauyin mafi yawansa, wannan kada wani ya manta. Lissafi ta karanta. Tana cikin digiri na biyu malamansu suka tafi yajin aiki, ta dawo Sabon Tasha da jaka ɗaya da wata tsohuwar kwamfuta wadda batirinta ya mutu, da an ɗauke wuta sai ta mutu tare da wutar. Bayan 'yan kwanaki na dawo daga kasuwa na tarar da bangon bayan gida, wanda ke kallon lungu, an rubuta masa lamba da alli. Ba lambobi ba, lamba ɗaya ce, ta taso daga gefen taga ta bi bango har ƙofar kicin. A ƙarƙashinta wasu ƙanana, an ja musu layi.

Na ajiye tirena a ƙasa. Na ce, “Rifkatu, mene ne wannan?”

“Aikina ne, Mama. Malamina ya ba ni lambar nan in farfasa ta.”

“Ki farfasa ta ki sami me?”

“In sami lambobin da aka ninka suka haife ta.”

“Wa zai biya ki in kin samu?”

Ta yi dariya. “Ba kowa, Mama. Sai dai a sa mini hannu a takarda.”

Ban yi dariya ba. Babanku ma da dariya yake amsa mini. Amma ni ba na yanke hukunci a kan abin da ban zauna na kalla ba. Na shiga kallo. Da safe kafin in fita ina duba bangon, da yamma in na dawo ina dubawa. Ban iya karatu ba, amma na san siffar lamba, mai sayar da doya da tumatir dole ta sani. Ƙananan na ƙasa suna canzawa, ta goge ta sake. Ta saman ba ta motsa ba. Mako ya zagayo, wani ya zagayo, tana nan yadda take, da biyar a wutsiyarta. Ranar Asabar na kalli fuskar yarinyar musamman, ban ga komai ba. Wanki ta yi, ta tafi koyon waƙa a coci.

Wata ranar da ba ni da ciniki sosai na ce ta zo ta yi mini bayani da Hausa, ba da Turancin makaranta ba. Ta ɗebo wake a kwano ta zauna a tabarma. Ta ƙirga goma sha biyu ta ce in kasa su yadda nake kasa tumatir, kowane kashi daidai da ɗan'uwansa. Na kasa bibbiyu, na kasa uku-uku, huɗu-huɗu, shida-shida. Ta ƙara ƙwaya ɗaya ta ce in sake. Na juya su ta kowace hanya, kullum sai saura ya fito. Ta ce to irin goma sha uku ke nan, ba ta kasuwa sai dai ɗai-ɗai ko a bar ta dunƙule. Akwai sunan da take kiran irinsu da Turanci, bai zauna a bakina ba, ni masu ƙin rabo nake ce musu. Biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku, haka suke tafiya, ta ce kuma ba su da ƙarshe, duk nisan da mutum ya yi akwai wata a gaba. Sauran lambobi duka daga cikinsu aka gina su. Ta nuna mini bango ta ce tata ta ƙare da biyar, don haka biyar ta shiga cikinta ba gardama. Uku ma ta shiga. Ta ɓare waɗannan da wasu 'yan ƙanana kamar ɓawon albasa, sai ta iso ga wata ƙwaya a tsakiya, doguwa har yanzu, wadda ta ƙi komai.

Na ce, “To wataƙila ita ma mai ƙin rabo ce. Ki bar ta mana.”

“A'a, Mama. Akwai gwajin da ake yi, na yi. Tana rabuwa.”

“Da me?”

“Shi ne ban sani ba. Gwajin yana faɗa mini tana rabuwa, ba ya faɗa mini a ina.”

“Malamin naki ya sani?”

“Shi ma bai sani ba. Amma amsar tana nan tun kafin a haife ni. Ko wa ya farfasa ta, ko a Kano ko a ƙasar Sin, gutsattsarin da zai samu su ne zan samu. Ba su canzawa.”

Ta ce haɗa lambobi biyu a ninka abu ne mai sauƙi, warware su ne wuya, kuma da wannan wuyar ake kulle saƙonnin waya don kada wani ya buɗe. Ita hanyar warwarewa take gwadawa, wadda ta tsara da kanta. Kwamfuta ke yin aikin, ita kuma tana kwafe inda aka tsaya a bango saboda ɗauke wuta. Wannan ɓangaren na bar mata. Abin da na riƙe shi ne maganar cewa ba su canzawa. Kafin ta tashi ta ƙirga mini wake casa'in da ɗaya ta ƙulle a leda, ta ce in gwada in ina da lokaci. Na tafi da su kasuwa. Tsakanin masu saye na kasa bibbiyu, saura ɗaya. Uku-uku, saura ɗaya. Biyar-biyar, saura ɗaya. Har na ce a raina yarinyar nan tsokana ta take yi. Da na kasa bakwai-bakwai sai ga kashi goma sha uku sun zauna cif, ba ko ƙwaya a gefe. Ban gaya wa Rifkatu ba. Na tattara waken na miƙa wa maƙwabciyata a rumfa, mai sayar da manja, ban ce mata komai ba sai dai ta kasa mini su daidai. Ta yi ta mita tana cewa tsufa ya fara taɓa ni. Can wajen la'asar ta kira ni, ga bakwai-bakwai, kashi goma sha uku. A nan hankalina ya kwanta. Lambar babanku Asabar take jira ta gaya mata ko ita wace ce. Wannan ba ta jiran kowa.

Da a tsakanina da Rifkatu abin ya tsaya, da babu labari. Amma katangarmu gajeriya ce, kuma a bakin lungun akwai rumfar masu cacar loto, da allonsu cike da lambobi. Samarin da ke zama wurin suka ga 'yar jami'a mai karatun lissafi tana rubutu a bango tana gogewa, suka ce ai ta gano makulli. Suka fara leƙe suna kwafa a tafin hannu. Wani ɗan keke ya ɗauki lambobi biyu daga bangon ya buga, Allah ya jarrabe mu ya ci wani abu kaɗan. Shi ke nan. Kafin mako ya ƙare lungun ya cika. Wasu har da gaisuwa.

“Anti Rifkatu, a taimaka wa yara mana. Ta sama ce ta yau ko ta ƙasa?”

“Ku tafi ku nemi aikin yi,” in ji ta, tana dariya.

“Anti, ko biyu kawai. In ta faɗo akwai lemonki.”

Dariyar nan ita ce laifinta, kuma na gaya mata. Ta ɗauka wauta ce da za ta wuce da kanta. Ni na san ba ta wucewa da kanta. Ranar wata Litinin Maman Joy, tela ce a layinmu, mijinta ya rasu, ta shigo mini ba sallama ta zauna a ƙasa. Ɗanta ya kwance kan keken ɗinkinta ya sayar, ya zuba a lambobin bangonmu, sun tafi. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, “Mama Dauda, ke da kika san abin nan a gidanki.”

A lokacin ni ce shugabar zumuntar mata a cocinmu. Dattawa suka aiko ɗaya daga cikinsu, Dattijo Bitrus, mutum mai sanyin magana. Ya ce ba wanda ya ce yarinyar caca take yi, amma abin ya zama sanadin tuntuɓe, kuma ba zai yi kyau a ce daga gidan shugaba yake fitowa ba. Na ce na ji. Kafin ya kai bakin titi Dauda ya iso, ko kayan aiki bai cire ba, yana warin mai. Ya tsaya ya kalli bangon tun daga taga har ƙofar kicin.

“Mama, ina tsaye kusa da ke ranar da kika yi magana.”

“Kana tsaye.”

“To ga lamba a bangonki, ga 'yan caca a ƙofarki, ga mace an sayar mata da keke. Me ya rage?”

Rifkatu ta ce, “Broda, wallahi ba abin da kake zato ba ne. Bari in nuna maka.”

“Kada ki nuna mini. An nuna mini irinsa ina yaro, da jan biro.” Ya juyo gare ni. “Na yi magana da wani oga a wajen lodin mai, akwai gurbi a ofis, suna neman mai lissafi. Ta goge wannan ta fara aiki ranar Litinin. In ta ƙi, ki cika maganarki.”

Ku sani Dauda yana da gaskiyarsa. Karatunsa ne ya biya kuɗin pul ɗin babanku, ba na wani ba. Mutumin da aka ƙona da lamba, ba za ka ce masa wannan lambar daban ce ya saurare ka a rana ɗaya ba. Amma ni na kasa wake da hannuna. Abin da na rantse a kai caca ce, ban rantse a kan lamba ba. In na kori yarinya a kan abin da na san ba ta yi ba don a ce Mama ba ta karya magana, to na yi ƙarya ke nan da sunan cika alkawari. In kuma na bar bangon yadda yake, gobe wata Maman Joy ce za ta shigo.

Na ce wa Rifkatu ta kwafe lambarta a takarda, ta ɗebo ruwa da tsumma ta wanke bangon tas a gaban samarin. Ta wanke. Na sa ta ta fita lungu ta gaya musu da bakinta, ba dariya, cewa babu makulli, ba a taɓa yin sa ba. Na sa ta ta je ta durƙusa wa Maman Joy, kuma ta riƙa koyar da yaran layi lissafi da yamma, abin da iyaye suka bayar a kai wa matar har kan keke ya dawo. Duk wannan Dauda yana tsaye yana gyaɗa kai. Sai na shiga falo. A duk cikin gidan bango ɗaya ne mai santsi da faɗin da zai ɗauki lambar, wanda ba a hango shi daga waje, shi ne inda hoton babanku yake rataye, wanda ya ɗauka da kwat ranar bikin masaƙa. Na taka kujera na sauke shi. Na ce, “Rifkatu, ga bangonki.”

Dauda bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Kin sauke Baba saboda lamba.” Ya sa takalminsa ya fita.

Ranar Lahadi na mayar wa zumunta da shugabancinsu da kaina, kafin a tambaye ni. Wasu matan da muka yi shekaru muna raba nama tare a watanda suka koma gaishe ni daga nesa. Wannan bai dame ni sosai ba. Na Dauda ne ya dame ni. Bai daina aiko da abinci ba, buhun shinkafa yana zuwa a kan lokaci, amma yaron mota ke sauke shi a ƙofa. Tankarsa takan wuce ta babban titi, na san ƙarar hon ɗinta, ba ta tsayawa. Na naɗe hoton a zane na ɗora a kan kabad. Rifkatu ta sha cewa za ta bar aikin ta je ta ba shi haƙuri ta karɓi na ofis. Na ce haƙuri ki je ki bayar, yayanki ne, amma alli ba za ki ajiye ba.

Damina ta wuce, samarin lungu suka koma wa allonsu. Ni kuwa na saba cin tuwo ina kallon lambar. Wata rana da rana tsaka ina tsince shinkafa na ga yarinyar ta ƙura wa kwamfuta ido. Ba ta yi ihu ba. Ta tashi daga gaban kwamfuta ta rubuta lambobi biyu a bango, ɗaya a kan ɗaya, kowacce ta kai kusan rabin tsawon ƙwayar nan da ta ƙi fashewa.

Na ce, “Ita ce?”

“Haka na'ura ta ce. Bari in gani da hannuna.”

Ta fara ninka su da alli, layi a ƙarƙashin layi, tana matsawa hagu, har ta kai ga durƙusawa a ƙasa. Ta yi kuskure a wani wuri, ta gano da kanta, ta goge ta koma baya. Na ajiye shinkafar. Da ta ja layin ƙarshe ta tara, na tashi na sa yatsa ɗaya a kan ƙwayar nan ɗaya a kan abin da ta tara a ƙasa, ina bin su siffa da siffa tun daga wutsiya har kai. Babu wadda ta saɓa. Ta ce su biyun masu ƙin rabo ne, ta gwada, aiki ya ƙare. Na ce to madalla, ki wanke hannu ki zo ki hura wuta. A duk zamana da babanku ban taɓa ganin ya juya ya bi lissafinsa da baya don ya kama kansa ba.

Yajin aiki ya ƙare, ta koma, aka sa mata hannu a takardarta. Ta wanke bangon kafin ta tafi, ta ɗauko hoton za ta mayar. Na ce ta ajiye shi inda ta gan shi. Wanda ya yi fushi don an sauke, shi zai mayar. Bangon ya zauna haka fayau shekaru, baƙi suna tambaya, ina cewa ana gyara ne.

Wata jajibirin Kirsimeti, bayan an raba naman watanda, sai ga Dauda da kansa da kasonmu a bokiti. Furfura ta fara fito masa a gemu. Ya gaishe ni a tsaye, sannan ya zauna, ya sha ruwa. Ya daɗe yana kallon bangon. Ya ce ina hoton, na nuna masa kan kabad. Ya warware zanen ya goge gilashin da hannun rigarsa.

“Akwai guduma a gidan nan?”

“Ba ka buƙata. Ƙusar tana nan, ban cire ba.”

Ya rataye, ya ja baya, ya gyara shi ya daidaita. Bai juyo ba ya ce, “Mama, da a ce lambar nan ba ta fashe ba fa? Da kin rasa ni a banza.”

Na ce, “Da ba ta fashe ba, da har yau tana bangon nan, kuma Rifkatu tana da ɗaki a gidan nan. Ranar da na taka kujera ban san za ta fashe ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani shi ne yarinyar ba caca take yi ba. Kai kuma ban sa ka a kan komai ba. Na san za ka yi fushi, na san ƙusar za ta jira ka.”

Bai ce na yi daidai ba, har yau bai faɗa ba, ban kuma nema ba. Ya tambaya ko akwai yaji a gidan, ya fita tsakar gida ya fara gasa hanta.

To wannan shi ne abin da ya faru. In za ku ba 'ya'yanku labarin, ku ce kakarsu ta zauna ta kalla, ta kasa wake, ta yanke hukunci, kuma ta biya abin da ya ci. Kalmar caca kuwa ku cire ta daga kan sunana. Ko da wasa ba na so, kuma ba barci nake yi a kujerar nan ba.